Wasan Dare a Gawon Nama

An ɗauke wuta, muka haska waya.
Taswirar kwali, ɗan ludo guda.
Modi ya ce, "Gulbi ya cika ya kawo.
Mi za ku yi?"

Mai kurmi Lauwali ya zaɓa.
Nasa ba ya roƙon kowa:
ya san saiwa, ya san laka,
ya rikiɗa kada ya ƙetare abinsa.

Ta Kulu mai iskoki ce.
Ta durƙusa ta gaida mai ruwan,
ta yi alkawarin farin zakara.
Aka jefa. Shida!
Ruwa ya dare.

Lauwali ya ce, "Ni kyauta na wuce."
"Kai kaɗai," in ji Kulu.
"Ni da bashi, amma da mu duka."

Modi ya rubuta zakaran a littafi.
Yaron nan ba ya mantuwa.