Majanyin Falwaya

Na sauka daga danfo a Oshodi
da tsohon bel ɗina a jakar leda.
Shekara tara yana cin ƙuguna,
ya bar mini kanta biyu, hagu da dama.
Hansatu ta ce in na juya cikin barci
nishi nake kamar injin markaɗe.

Shagon Uchenna na bayan masu batir.
Ya zubo mini huɗu a kan benci,
ya ce, "Aboki, jan nan ya fi kyau."
Na ce kyau na masu tafiya a ƙasa ne,
ni a sama nake yini.

Na farko siriri kamar tsumagiya,
minti goma a sama ya zama wuƙa.
Na biyu fata ce, na san halinta:
in ruwan Legas ya jiƙa ta ran Litinin
har Alhamis tana ɗoyi, tana nauyi.
Jan kuwa, tun a shago zobensa ya fara tsatsa.
Iskar teku ba ta ga maciji da ƙarfen banza.

Sai na tuna Malam Sallau,
wanda ya koya mini hawa.
"Yaro, kar ka gwada bel a tsaye.
A jingine ake yi wa falwaya aiki."
Yau yana Agege, yana sayar da goro,
sandarsa a gefen faifai,
tun ranar da ɗinki ɗaya ya sake shi a Mushin.
Ɗinki ɗaya.
Bai taɓa zagin falwayar ba,
arahar yake zagi.

Na ɗauki na huɗu, baƙi, mai faɗin tafi da rabi,
soso a ciki, ba mai lumewa ba, mai tokarewa.
Na ɗaura shi ƙasa da cibiya, inda ƙashi yake,
zobe biyu suka zauna daidai kwiɓi.
Na zura yatsu, sun shiga, ba su yi iyo ba.
Na bar huda biyu saboda rigar ruwa.
Na bi ɗinkin da farce, layi-layi,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ga gurbin filaya, ga na sifana,
hannu na isa ba sai na murɗe ba.

Sannan na zaga ginshiƙin shagon da maɗauri,
ƙugiya ta ce ƙyas,
na kafa ƙafa, na kwanta baya,
na saki hannu biyu.
Mai lemo ta tsaya kallo,
wani yaro ya ce mahaukaci ne.
Ban tanka ba. Bayana nake saurare,
jiki magayi.

Kuɗin da ya faɗa ya kusa kayar da ni
inda bel ɗin bai kayar ba.
Muka ja, muka ja, ya rage kuɗin mota.
Na kira Hansatu,
don na gyaran keken ɗinkinta ne a aljihuna.
Ta ce, "Saya.
Keke yana da safaya a kasuwa, kai fa?"

Ran Talata, Idi-Araba,
waya ta harɗe kamar taliyar jiya,
unguwa ta kwana huɗu a duhu,
ana ta yi mini ihu daga ƙasa da harshe uku.
Na ɗaure, na kwance, na ɗaure.
Can na hango wata mata tana tsallake kwata,
goyo a baya, majanyi ya kama shi tsam,
ya saki hannu, ya saki baki, yana barci
a tsakiyar wannan hayaniya.

Sai da ladan ya kira azahar
na tuna akwai wani abu a ƙuguna.