Kanwa a Ramin Gashi

Mu tara ne muke gashi a rami ɗaya,
bayan gidan Iya Marka, a gindin dutsen Dass.
Kowa da shaidarta a wuyan tukunya:
ni farce uku, Lantana birgimar totuwa,
Kyauta kuwa gicciye take ja da tsinke.
Sai dai wuta ba ta yi makaranta ba,
ba ta karanta sunan kowa.

Bara ɗan Kyauta ya dawo daga Bauchi
da ƙullin ungurnu a leda, da zance a baki,
wai in garwashi ya yi fari a watsa masa,
tukunya ta fito da sheƙi kamar tangaran.
Iya Marka ta tofar da goro, ta ce,
"Kanwa uwar gami. Ta miya ce da ta awaki.
Mu makuba muka gada."
Ta faɗa, amma ba ta hana ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi kan randata.
Ni na haƙo yumɓun, ni na daka, na tankaɗe,
na goge cikinta da dutsen rafi
har ina ganin inuwar hannuna a jikinta.
Na kifa ta tsakiya, mazaunin 'yan gata.
Tasalla, jikar Lantana, da ko wankin kai ba ta iya ba,
ta kawo wani tulu mai baki a karkace.
Aka cusa shi gefe, ya toshe kafar iska.

Kara, ƙaiƙayi, busasshen kashin shanu.
Muka kunna da la'asar sakaliya.
Da yaron ya watsa kanwar
ramin ya yi tsaki, ya yi tari,
harshen ya koma launin ƙwaiduwa.
Bayan isha'i iskar da ke bin gabas
ta sauko daga dutse, ta juya mana baya.
Daga can cikin tulin na ji ƙas.
Kowa ta ji. Ba wadda ta dubi wata.
Kowace tana roƙo a ranta
kada ya zama tata,
wato ya zama ta maƙwabciya.

Da asuba muka tone toka da sanda.
Randata ce, tsaga daga wuya har gindi,
farce ukuna na zaune lafiya a gefen tsagar.
Tulun Tasalla kuwa,
kunci ɗaya baƙi, ɗaya kamar an ɗiga zuma,
da wani kore-kore irin na wuyan tattabara
ya gangaro, ya tsaya inda ya ga dama.
Yarinyar ta lasa ta ji ko da zaƙi.

Sau huɗu muka sake tun daga nan.
Kanwar ɗaya, awon ɗaya, gefen nan dai na ramin.
Muka samu toka-toka, muka samu ƙuraje,
sau ɗaya ma ba mu samu komai ba.
Wani mai mota ya taya tulun, Lantana ta ƙi.

Tsingaron randata yana bakin ƙofa,
kaji na shan ruwa a ciki.
Jibi akwai gashi.
Na gina wata, na kuma sayo kanwa ta ɗari biyu,
ban dai faɗa wa Iya Marka ba.