Moɗa Ɗaya

Ranar Talata na kai wa Dakta Boakye takardata,
da suna a kanta mai nauyin buhun masara:
"Matsalar Ambaliya a Nahiyar Afirka."
Ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga.
Ya ce, "Mutaru, moɗa ɗaya na aike ka ɗebowa,
ka kinkimo mini teku.
Wata huɗu gare ka. Ina za ka juye shi?"

Na rage, na ce Gana. Ya girgiza kai.
Na ce Kumasi. Ya ce, "Ka taka ta duka?"
Na ce to Aboabo, inda aka binne cibiyata.
Ya ce, "Wuri ka samu. Ina tambayar?"

A motar komawa gida, gwiwata a bayan kujerar wani,
na yi ta jera tambayoyi a bangon littafi.
Shin ambaliya tana da illa?
Wannan ko yaron mota ya amsa yana ba da canji.
Yaushe za mu rabu da ita?
Wannan addu'a ce, sai a kai wa liman.
Laifin wa?
Na yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba.
Kafin mu wuce Oforikrom duk na soke su,
biro har ya huda takarda.

Na tarar da Inna Sahura tana tace gasara.
Ruwan daren jiya ya bar zanensa a bango,
daidai gwiwar babban mutum.
Ba ta ɗago kai ba ta ce,
"Damina goma sha ɗaya ke nan abin yana ɗaure mini kai.
Ya shiga namu, ya shiga na Gariba tela,
ya kwashe wa Akosua gawayinta,
amma gidan su Fuseina da ya fi mu gangare,
ko tabarmar ƙofa ba ta jiƙa."
Na ce, "Me ya sa?"
Ta ce, "Da na sani zan faɗa maka?
Wa muke biya wa kuɗin makaranta?"

Na naɗe wando na fita.
Gida tara ne a lungun, na ƙirga su da ƙafa.
Kwata ɗaya, ta karkace a bayan shagon aski,
ta ɓace ƙarƙashin wani dakali
da ba wanda ya tuna shekarar da aka gina shi.
Na tsuguna a nan har aka kira magariba.

Ranar Alhamis layi ɗaya na kai masa:
me ya sa ruwa ke cin gida takwas a lungunmu
ya tsallake na tara?
Ya mai da tabarau, ya karanta sau biyu.
Ya ce, "Amsar fa?"
Na ce, "Wallahi ban sani ba."
Ya ce, "Madalla.
Sayi takalmin roba kafin hadari ya sake haɗowa."