Gurbin Tabarau

Tabarau uku gare ni a Harehills:
ɗaya na titi, ɗaya na karatu,
na ukun kuma na neman biyun.

Shekara ashirin da shida ina jan bas a Leeds,
na san kowace kwana har kasuwar Kirkgate,
sai yana ta sauko mini a hankali
irin wadda ke kwanciya a kan kunu in ya huce.
Ban ce idona ne ba. Na ce garin ne,
ai Ingila ba ta cika wanke samanta ba.

Likita Pillai ta nuna mini abin a kan yatsa.
Bai kai ƙwayar wake ba, garai-garai,
zobe a cikin zobe a cikin zobe,
kamar faifan da aka saƙa da ruwa.
Ta ce, "Da wannan ka hango lambar mota,
da shi kuma ka karanta takardar magani.
Na asibitin gwamnati kyauta ne, sai dai nesa ya fi sani.
Wannan kuwa, biya za a yi."
Na miƙe zan ɗauki hulata,
Zuwaira ta danne mini gwiwa.
"Baba, kuɗin gyaran kicin ne. Kicin zai jira."

Minti ashirin, in ji agogonsu.
Ina kwance ƙarƙashin shuɗin mayafi,
na'ura na kuka kamar sauron da ya samu kunne,
ruwa mai sanyi na bin kumatuna,
ina jan Ƙulhuwallahu, lissafi ya ɓace mini.
Wata murya ta ce, "Dubi hasken."
Na duba.

Washegari aka ɓare marfin.
Bangon falon da zan rantse ruwan ƙwai ne,
ashe fari ne tas.
Ga tsagar silin, ga ƙurar kan rediyo,
ga wani tsoho a madubi yana kallona
da tamojin da ba wanda ya ba ni labari.

Sai gyalenki, Hindatu,
da ke rataye bayan ƙofa shekara huɗu.
Na ce ruwan ƙasa ne, kika ce shunayya,
muka yi ta musu har shayi ya huce.
Na tsaya gabansa da ido sabo fil.
Ke ce da gaskiya.
Ga shi babu inda zan kai miki saƙon.

Ba a cin zuma sai da harbi:
da dare fitilun Roundhay Road
kowace ta sa zobe, wata ma biyu,
motoci na tahowa da kambi a goshi.
Likita ta ce ƙwaƙwalwa za ta saba,
za ta koyi abin da za ta ɗauka ta bar saura.
Ni ɗan saba'in da ɗaya,
an mayar da ni koyon kallon fitila.
Na ajiye makullin mota bayan magariba.
In sun dushe, to; in ba su dushe ba,
na ga zoben, na ga titin.

Jiya Nusaiba ta kawo allura,
don ta gwada kakanta.
Sau biyu na kuskure, na uku zare ya shige.
Ta yi ihu sai ka ce an ci ƙwallo.

Amma hannuna bai ji labari ba.
In magana ta yi nauyi yakan tashi
ya cire abin da babu,
ya nemi gefen riga ya goge.
Can nake ɓuya dā, a cikin gugar nan,
kafin in ba da amsa.
Yanzu sai in haɗa ido da mai tambaya.

Biyu na zuba a akwatin sadaka na shagon tabarau.
Na ukun yana aljihuna,
wanda kika ɗaure wa ƙafa da baƙin zare.
In na sa shi, duniya ta dagule.
Wani lokacin nakan sa.

Gurbinsa na nan a karan hancina,
ƙofa biyu ƙanana, kamar sawun akuya a laka.