Kalma Ta Goma

A Garwa, gefen gonakin albasa,
na ƙera wa injin ban ruwa harshe.
Kalmomi tara kacal: buɗe, rufe, jira,
kwari, tudu, idan, sai, awa, gobe.

Kawu Barmo ya leƙa allon wayata:
"To ina kaɗan-kaɗan?"
Na ce injin bai san kaɗan ba, lamba yake ci.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Kwana uku a bakin Binuwai
ina auna kaɗan ɗinsa da agogo:
minti sha ɗaya; in hira ta yi daɗi, sha huɗu.

Na ƙara kalma ta goma, barmo.
Jiya ya rubuta ta da yatsa ɗaya,
famfo ya yi tari,
ruwa ya bi kwari.