Turmin Hagu

Dare huɗu ban runtsa ba a Gadarif.
Wani maƙeri ya tare a muƙamuƙina,
bai biya haya ba, ba ya tashi sallah,
sai dukan ƙarfe har asuba.
Na cusa kanumfari. Na kurkure da ruwan gishiri.
Gwaggo Asabe ta aiko da wata saiwa, ta ƙi faɗin sunanta.
Ni da na shekara goma sha tara ina auna riɗin mutane
ban taɓa cin haƙƙin ƙwaya ɗaya ba,
ranar Talata na ƙirga buhu bakwai
na rubuta tara.

Haladu ya ce, tashi mu hau raksha
kafin ka karya mu.

Dakta Ikhlas sa'ar 'yata ta biyu ce.
Ta ɗaga hoton ga fitila:
saiwoyi uku, baƙin tabo a gindin ɗaya.
Na ce a tumɓuke shi kowa ya huta.
Ta ce, Alhaji, ba a rushe ɗaki don ɓera ya mutu a ciki.
Jijiyar za mu fitar, mu bar maka bangon.

Allura biyu a dasashi.
Leɓena ya yi sallama, ya koma na wani.
Ta kafa koriyar roba a bakina kamar rumfa,
haƙori ɗaya tal ya leƙo
kamar wanda aka kira gaban alƙali.
Injin ya ɗauki kukan sauro,
ƙauri ya tashi irin na babbakar kan rago.
Sai ga siraran tsinkaye, ja, shuɗi, rawaya,
tana zurawa, tana murzawa,
ta zaro, ta duba, ta sake zurawa.
Nan na gane ta. Ita ma awo take yi.

Wuta ta ɗauke.
Wani yaro ya ruga ya tayar da janareta,
ni kuwa baki wangame ina kallon silin
inda yoyon damina ya zana akuya mai ƙafa uku.
Ta ce, nawa riɗi ya kai bana?
Na ce, aaa.
Ta ce, kai, ya yi tsada.

Da ta gama ta nuna mini a kan auduga.
Ɗan zare ne, bai kai gashin masara ba.
Wannan?
Wannan ne ya sa na daka wa jikana tsawa
don kawai ya yi dariya kusa da kunnena?

A gida na kurɓi shayi, rabi ya bi jallabiya.
Lantana ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.
Da allurar ta saki, wani ciwo ya zo,
amma mai ladabi,
irin tsamin jiki bayan an kwashe amfanin gona.
Kunu, kunu, sai ɗan tuwo mai laushi ta ɓangaren dama.
Harshena bai daina zuwa dubiya ba.
Daren nan na yi barci har ladan ya gama ban ji ba,
Allah ya yafe.

Sau biyu na koma. A na ƙarshe aka sa masa hula.
Hajja Batul mai shayin bakin kasuwa
ta san cokali huɗu nake sha.
Na ɗaga yatsa ɗaya,
ta dube ni kamar na yi mata rowar gaisuwa.

Yanzu ba ya jin sanyi, ba ya jin zafi.
An ce ya mutu, amma kullum yana fita aiki.
Jiya na sayi kantun riɗi, na kira yaron,
na ɓantara masa babba, na ce yi haƙuri da kakanka.
Ya riga ya manta.
Nawa na ɗora a hagu, a hankali,
na saurara,
sannan na danna.