Mai Tsince-tsince

Shekara ashirin da biyu ina Panteka,
ban taɓa ganin ƙarfen da ya mutu ba.
Tsohon fistan tukunya ne da bai ga wuta ba tukuna,
ƙofar mota kuwa murhun wata mai ƙosai ce a Rigasa.

Sai ga Nafi'u.
Kubura ce ta fara gani, wata Laraba da hantsi:
yashi ja-ja a ƙunzugunsa, kamar garin bulo.
Muka ce zafin gari ne.
Ya shekara bai zauna ba.
Da haƙora suka fito, leɓensa suka fara ci.
Yana cizon yatsa yana kuka, idonsa a kaina,
kamar mai cewa, Baba, raba ni da ni.

A Shika, likita ta ture takardu gefe,
ta tambayi sana'ata. Na faɗa.
Ta ce, "Ashe ka san karatun.
Jiki ma da Pantekarsa.
Kullum ana rushe tsoffin ƙwayoyin halitta,
haruffan rubutun gado suna zubewa ƙasa.
Akwai wani ɗan inzayim mai bin juji,
ya tsince su, ya kakkaɓe, ya mayar bakin aiki.
Shi ne ɗanka bai zo da shi ba.
Abin da aka bari a zube sai ya zama gishiri mai kaifi,
ya taru a ƙoda, ya kwanta a gaɓa.
Ƙwaƙwalwa kuwa, da wannan gwanjon ta dogara."

Ta ce ta wajen uwa yake biyowa.
Wannan maganar a motar Zariya na bar ta.
Yayata Hajjo ba ta ji ba,
ba kuma za ta ji ba.

Akwai farar ƙwaya, kullum safe.
Tana rage yashin.
Ba ta hana cizo.

Na yanka bututun roba daidai gwiwar hannunsa,
na shimfiɗa masa soson kujerar tsohuwar Fijo.
In na kwance don wanka, ihu yake
har sai na mayar, sannan ya yi dariya
da rabin leɓen da ya rage.

Da yamma yaran bola suna shigowa,
buhu a kafaɗa, tsatsa har wuya.
Da can nakan taɓa sikeli da ɗan yatsa.
Yanzu in ya nuna kilo tara,
goma nake biya.